Lamba ɗaya Tajuddeen ya zo gyara mini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga watan Agusta, bayan La'asar, tayar motar hayar da ta ɗauki Malam Tajuddeen Dalhatu daga Gusau ta fashe kafin a kai Tsafe. Mutum uku suka rasu, yana cikinsu.

Tajuddeen, kai ka koya mini rubuta manhajar waya, a shagona na Sabon Garin Gusau. Ba ka taɓa ce mini jahili ba, ko da yake na sha cancanta. Dokarka ɗaya ce: idan ranar miƙa aiki ta kusa, kada a sabunta komai a kwamfuta, ko da ta yi ta roƙo.

Na karya dokar. Saura kwana biyu in miƙa wa ungozomomin garin Mada manhajar da za ta riƙa tuna musu ranar awon masu ciki, sai kwamfuta ta ce akwai sabon salon wurin rubuta manhaja, ni kuma na danna. Nan take na'urar da ke harhaɗa aikin ta ƙi daidaita da sabon wurin rubutu. Jan rubutu mai nuna kuskure ya cika fuskar kwamfuta. Na goge, na sake saukewa, har datata ta ƙare. Sai na kira ka.

Ka so ka gyara ta waya, amma layi sai yankewa yake. Na ce, "Don Allah ka taho." Ka taho daga garinku, cikin ruwan sama.

Ko zama ba ka yi ba, ka ce, "Lukuman, mi kat taɓa?" Ka sa na buɗe wani ƙaramin fayil, ka nuna layi guda: lambar tsohon salon na'urar ce ke nan zaune, alhali sabon wuri na neman ta gaba. Na canza ta da hannuna, muka share tarkacen da aka adana, jan rubutu ya ɓace. Minti goma. Ka yi dariya, ka ci gyaɗar da ke kan teburina, ka tafi tasha.

Manhajar tana hannun ungozomomi yanzu. Ni dai ban iya buɗe ta ba tun ranar.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa wahalar da ka yi wa mutane ta zama haske gare ka. Ya ba matarka Nusaiba da 'yarka Hauwa haƙuri.

Inna Sa'adatu, a wurin zaman makoki na ji kina tambayar mutane abin da ya kai ɗanki Gusau a ranar da bai saba zuwa ba. Ina tsugune kusa da ke, na kasa buɗe baki. Ni ne na kira shi, Inna. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma ni ne na kira shi. Ki yafe mini.