Aikin Intanet da Ya Cinye Min Aure

Shekarun baya, bayan na dawo daga bautar ƙasa, na koma gidanmu a unguwar Hammadu Kafi da ke Gombe na ajiye digirina cikin leda a ƙarƙashin katifa. Ba zaman banza nake yi ba. Ina koyar da lissafi a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Madaki. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma yana zuwa duk ƙarshen wata, kuma ban taɓa roƙon kowa kuɗin man babur ba. Duk da haka, idan aka tambaye ni me nake yi, sai in sunkuyar da kai in ce ina ɗan taɓa koyarwa ne kafin aiki ya samu.

A lokacin akwai yarinyar da nake nema a Gabukka. Fulani ne, mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, baffanta ne waliyyinta. Dattijo ne mai harkar shanu, irin mutanen da za ka yi ta zuba su kuma suna kallon yatsun ƙafarsu, sai ka gama su faɗi kalma ɗaya ta hana ka barci. Ni ma maraya ne, ƙanin mahaifina da muke kira Baba Ƙarami shi ke tsaya min. Ya kai gaisuwa, an karɓa, amsar da ya dawo da ita ita ce: idan yaro ya tsaya da ƙafarsa, a zo a sa rana. Ni kuma da kaina na fassara tsayawa da ƙafa da ofis mai sanyi da kujera mai juyawa. Ba wanda ya ce min haka.

Wani abokina mai shagon kwamfuta da fotokwafi shi ya nuna min hanyar.

"Kai har yanzu kana yawo da fayil ofis-ofis kamar ɗan fansho?" in ji shi. "Yanzu komai onlayin ne. Ka ɗora CV sau ɗaya, aiki ne zai riƙa nemanka."

Ya buɗe min shafukan neman aiki, ya gyara min CV har ni kaina da na karanta sai da na ji ina son in ɗauki mutumin nan aiki. Daga ranar na zama ma'aikacin neman aiki. Duk kuɗin da ya kamata in saya wa yarinyar nan ko da turare, data ta cinye. Na nemi aikin banki, na nemi na ƙungiyoyin agaji, na nemi na mai kula da sito a Legas. Akwai ranar da na tsinci kaina ina neman aiki a jirgin ruwa, ni da ko a madatsar ruwan Dadin Kowa ban taɓa shiga kwalekwale ba. Ka cika shafi bayan shafi, su tambaye ka abin da ke rubuce a CV ɗin da ka riga ka ɗora, ka kai ƙarshe netwok ya ɗauke, ka sake daga farko. Amsa kuwa ko ta "ba mu ɗauke ka ba" ba sa iya turowa. Wannan shirun ya fi komai cin rai, domin ba ka san ko mutum ne a can ko bango kake yi wa magana ba.

Rannan ina cikin aji saƙo ya shigo. Ana taya ni murna. Wai na tsallake tantancewa, wani kamfanin harkar lafiya zai buɗe reshe a Gombe, an ɗauke ni jami'in gudanarwa, in zo ranar Litinin da shigar ofis in fara karɓar horo. Har da adireshi, wani bene a bakin titi. Na duba na ga lallai na nemi aikin a ɗaya daga cikin shafukan, tallarsu na nan da tambari mai kyau. Na kira abokina na ce to amma ba a yi min intabiyu ba.

"Wane intabiyu kuma? Kwamfuta ce ke tace mutane yanzu. Kai dai Allah Ya yi, ka zo ka ba mu na goro."

Na gaya wa mahaifiyata da magariba. Kafin isha'i labari ya gama layinmu. Washegari ta tashi ta soya waina ta raba sadaka, maƙwabta suna shigowa barka. Na je na sanar da hedimasta zan ajiye aiki. Bawan Allah ya roƙe ni in ƙarasa zangon saboda yara na dab da jarrabawa, na ce masa ba zai yiwu ba, manya na jirana. Baba Ƙarami kuwa bai ɓata lokaci ba, ya sa babbar riga ya nufi Gabukka ya shaida wa baffan yarinyar cewa yaro ya samu aikin ofis a kamfanin lafiya, Litinin zai fara, ga ma wurin. Baffa ya ce madalla, za su yi shawara.

Kowa ya san me ake nufi da shawara. Kafin a ba ka 'ya sai an bincike ka: a tambayi masallacin unguwarku, a tambayi maƙwabta, a je wurin sana'arka a gani, kuma ba a sanar da kai ranar da za a zo. Na san da wannan sarai. Murna ma nake yi, ina hango dattijon ya zo ya same ni a bayan tebur.

Ranar Litinin na ari kwat, na goge takalmi, na isa da wuri har na samu kujerar gaba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu tebur ko ɗaya. Falo ne babba cike da kujerun roba, ga lasifika tana kiɗa kamar wurin biki. Mutane suka yi ta shigowa har wuri ya cika. Na tambayi na kusa da ni wane aiki aka ɗauke shi, ya ce direba. Na bayana ya ce akanta. Wata mai goyo ta ce ita sakatariya. Nan na fara shan jinin jikina.

Can wani mutum ya fito da kwat mai ƙyalli, yana tsalle yana Turanci, yana tambaya wa ya gaji da talauci. Ya yi ta surutu a kan motar da zai saya da ƙasashen da zai je. Sai aka shigo da kwali aka fara jera kwalabe. Magani ne, wai na basir, na hawan jini, na ciwon suga, na sanyin ƙashi, duk a kwalba ɗaya. Aikin da aka ɗauke mu shi ne kowa ya sayi nasa kason da kuɗinsa, ya bi dangi yana talla, sannan ya kawo wasu su ma su saya. Babu albashi, babu ofis, babu jami'in gudanarwa. Ni da direba da sakatariya duk abu ɗaya aka kira mu mu yi.

Na so in tashi, amma ina gaba, ga ƙarti biyu a bakin ƙofa, ga kunya irin tamu ta kada a ce ka watsa wa mutum ƙasa a ido yana magana. Ina cikin lissafin yadda zan sulale sai mutumin ya nuno ni, wai ga wanda ya yi shigar masu nasara. Ya jawo hannuna ya tsayar da ni a gaban jama'a, ya danƙa min kwalba, ya ce in ɗaga sama in faɗa da ƙarfi cewa talauci ya ƙare a gidanmu. Na ɗaga. Na faɗa, a raina ina cewa in gama in samu hanyar fita. Aka ɗauki tafi.

Ina juyowa na ga baffan yarinyar tsaye a bakin ƙofa, da farar riga da lema a hannu. Ɗaya daga cikin ƙartin nan har yana tura masa kujera yana cewa, "Baba, shigo mana, kana fama da ciwon gwiwa ne?"

Bai shigo ba. Ya dube ni, ya dubi kwalbar da ke sama a hannuna, ya juya ya sauka. Na ajiye ta na bi shi da gudu, na same shi yana shiga Keke mai ƙafa uku. Na durƙusa a bakin titi da kwat ɗin aro na gaishe shi.

"Lafiya lau," ya ce. "Koma bakin aikinka, kada su neme ka."

Na koma sama raina kamar zai fashe. Na tare mai kwat ɗin na nuna masa saƙon, na ce ina aikin da kuka rubuta? Ko gezau bai yi ba. Ya dafa kafaɗata yana murmushi ya ce ai wannan ma aiki ne, matsalata ita ce ina da tunanin ma'aikaci. Wallahi ban taɓa jin sha'awar marin mutum kamar ranar ba. Da na koma gida na rubuta wa shafin ƙorafi mai tsawo. Amsar da ta dawo ta na'ura ce, ana gode min da tuntuɓarsu. Bayan ɗan lokaci na sake ganin tallar, kalma bayan kalma, an canja sunan kamfanin kawai.

Mahaifiyata ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta daina zama a tsakar gida da yamma saboda masu shigowa tambayar ya sabon aiki. Na koma makarantar Madaki, hedimasta ya ce ya riga ya ɗauki wani, yara ba za su zauna ba malami ba.

Baba Ƙarami ya ce mu je Gabukka mu yi bayani. Muka je bayan la'asar, aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida. Ya yi magana mai tsawo, ya ce yaudarar yaron aka yi, mu ma duk an yaudare mu. Na ciro waya na miƙa don ya ga saƙon da idonsa. Bai karɓa ba.

"Alhaji," ya ce wa Baba Ƙarami, "ni ban san abin da ke cikin waya ba. Abin da na sani, dattijo kamarka ya zauna a nan ya ce min ofis, na je na ga talla. Ban ce talla haramun ba ce. Amma abin da aka faɗa min daban, abin da na gani daban."

Sannan ya juyo gare ni, karo na farko tun da muka zauna.

"Tun kafin wannan magana na je makarantar da kake koyarwa. Na tsaya a waje na ji muryarka, na tambayi mai gadi, na tambayi masu shago. Na gamsu. Jira nake ku zo ku ce ga abin da yaro yake yi, a sa rana. Sai kuka zo min da wani zance."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, a gaban surukin da ban samu ba. Bayan kwana kaɗan aka dawo da kayan gaisuwa. Yarinyar ta kira ni tana kuka, ta ce ita ta yarda da ni, amma Baffa ba ya magana biyu. Ban ga laifinta ba, shi ya riƙe ta tun tana rarrafe. Ta yi aure daga baya, ina yi mata fatan alheri har gobe.

Mutane kan tambaye ni ko neman aiki a waɗannan shafuka yana da amfani. Ba zan ce duk ƙarya ba ne, na san wanda ya samu aikin gaske ta nan, kuma yana ci har yau. Abin da ke ƙona min rai shi ne shafin da zai karɓi tallar kowa ya liƙa ba tare da ya tambayi ko akwai ofishin ba, ya jera na gaskiya da na ɗan damfara wuri ɗaya da tambari iri ɗaya, ya bar wanda yunwar aiki ta rufe wa ido ya bambance da kansa. Tsoho mai lema ya hau Keke ya je ya duba inda zai ba da 'yarsa, su kuwa masu kwamfuta ba za su iya ɗaga waya su tabbatar da wanda suke tura dubban mutane wurinsa ba. Idan abu ya lalace su ce su dandali ne kawai. In za ka nema ka nema, amma kada ka gaya wa ko mahaifiyarka, kada ka saki abin da ke hannunka, sai ka taka ka ga wurin, ka ga wanda zai biya ka.

Ni dai na samu wata makarantar daga baya, kuma yanzu idan aka tambaye ni ina cewa malami ne, da bakina cike. Da na tashi neman matar da nake aure yanzu, danginta suka yi nasu binciken, har ya kai su Gabukka. Sai bayan biki ta gaya min abin da dattijon ya ce musu. Wai yaron kirki ne, yana salla, ba ya shaye-shaye, amma duk abin da danginsa suka ce yana yi, a je a gani da ido. Ashe shi ya sa wata safiya kafin auren ina tsakiyar darasi na hangi mahaifinta tsaye a bayan taga, yana ƙirga ko da gaske akwai ɗalibai a gabana. Wanda ya rubuta tallar nan bai san sunana ba, bai san ma na taɓa wanzuwa ba. Amma a garin da aka haife ni, har Baba Ƙarami da furfurarsa sai an bi bayan maganarsa an duba.