Wata Bakwai Ina Yankan Albasa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina girki a wani ƙaramin masaukin baƙi a Dutse, na wata Hajiya da mijinta ya rasu ya bar mata. Ɗakuna goma sha biyu ne da ɗakin taro guda, fankar ɗakin taron ma sai an zungure ta da sanda take juyawa. Amma duk mai shirya taron bita a garin nan, wurinmu yake fara tambaya. Ma'aikatan lafiya daga Jahun, malaman gona daga Taura da Garki, su zauna kwana uku cikin zafi ana cika musu kunne, ba abin da ke riƙe su sai tuwon shinkafata da miyar taushe, da dambun da nake yi ranar rufe taro. An ce yabon kai jahilci ne. To a bar ni da jahilcina, na iya girki.

Sai aka gina sabon otal a bakin titi, bene hawa uku, gilashi ko'ina, janareta ba ya hutawa. Suka karya farashin ɗaki, suka riƙa jiƙa hannun masu adaidaita sahu don su kai musu baƙi daga tasha. Masu taro suka je sau ɗaya suka dawo mana, wani ya ce sanyin ɗaki ba ya cika ciki.

Rannan da la'asar manajan otal ɗin ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce, "Mama, hannu irin naki bai kamata ya ƙare a hayaƙin itace ba. Ki zo wurinmu, murhun gas ne, albashi kuma ba a magana."

Ya san inda ya taɓa. Hayaƙi ya fara cin idona, kuma ni ma mutum ce, ina son a ce da ni na isa. Da na gaya wa Hajiya zan koma can, ta kalli tafin hannunta ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ko muryarta ba ta ɗaga ba.

Ranar farko aka ba ni farar riga da hula. Shugaban kicin, wani da suka ɗauko daga nesa, ya nuna mini buhun albasa da wuƙa. Na ce to, baƙo ai sai ya san gari. Washegari albasa. Mako ya zagayo, albasa da karas. In na tambayi yaushe zan ɗora tukunya, sai a ce ana jiran mai otal ya duba jerin abinci. Ni da nake tuƙa tuwon mutum tamanin ban nemi taimako ba, na koma ina zubar da hawaye a kan faranti, ban ma san na albasa ne ko na takaici ba.

Wata rana na gaji, na zo da daddawata da kabewa daga gida, na ɗora miya a ƙaramar tukunya. Ko tafasa ba ta yi ba manaja ya shigo yana toshe hanci.

"Mama, me ye wannan? Warin nan zai shiga ɗakunan baƙi!"

Wari! Daddawar da uwarsa ta yaye shi da ita ce yau ta zama wari. Aka sauke tukunyar aka kai ta bayan gini.

Amma in an yi taro, nan ake tunawa da ni. Ashe sun bi masu shirya taro ɗaya bayan ɗaya suna cewa mai tuwon nan ta dawo wurinsu. Da azahar sai a ce in wanke hannu, in tsaya a ƙofar ɗakin taro ina miƙa robobin soyayyiyar shinkafa, kowa ya ga fuskata. Wani dattijo daga Jahun da ya daɗe da sanin girkina ya buɗe tasa, ya kai loma ɗaya, ya dube ni.

"Baba, ke kika dafa wannan?"

Manaja yana tsaye a bayana. Na sunkuyar da kai na miƙa wa na gaba tasa. Har yau in na tuna shirun nan, raina sai ya ɓaci.

Ana haka na ji Hajiya ta rufe kicin, don matan da ta ɗauka bayana ba su riƙe mata masu taro ba. Ba a jima ba aka ce ta ba da ginin haya, za a mayar da shi makaranta. A makon nan manaja ya kira ni ofis ya ce ana rage ma'aikata.

Na ce, "Yallaɓai, wata bakwai ko tuwo ɗaya ban tuƙa muku ba. Me kuka ɗauko ni in yi?"

Ya yi murmushi. "Haba Mama, ai kin yi aikinki. Mu dai kada ki kasance can, shi ke nan. Kasuwanci ne."

Na cire hular na ajiye masa a kan tebur. Na ce masa Allah ya isa tsakanina da shi, da mai otal, da duk wanda ya zauna ya ƙulla wannan. Ya ce in yi haƙuri. Na gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba.

Sai da na yi kwana goma kafin na iya zuwa gidan Hajiya. Na tafi a shirye in sha zagi, har so nake ta zage ni in samu sauƙi. Na same ta a tsakar gida tana tsince zogale. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi yara, ta tambayi idona. Na fara neman gafara ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Bar wannan. Abu ɗaya nake son sani. Sun dai ji daɗin girkin naki ko?"

Na ce, "Sun ji, Hajiya."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To alhamdulillahi. Da a ce a banza na rasa ki, da shi ne zai hana ni barci."