Daɓen Halliru a Filin Babura Marasa Birki

Halliru Ɗan'azumi ya yi shekara goma sha ɗaya a Birmingham yana gwajin ƙasa. Aikinsa ke nan a wani kamfani mai yi wa hukumar birnin gyaran tituna: a haƙo masa ƙasa a leda, ya auna ta, ya jiƙa, ya matse, sannan ya rubuta ko za ta ɗauki kwalta. A shekarar 2012, da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, sai aka gano cewa ramukan titi suna da haƙuri, za su iya jira. Aka ba Halliru wasiƙa mai ladabi ƙwarai, da godiya har sau biyu a cikinta, aka haɗa masa da kwalin zuba kayan teburinsa.

Matarsa Saudatu tana aiki a wani kemis a babban titin Erdington, 'ya'yansu biyu suna makaranta, don haka gida ya zama nasa shi kaɗai daga safe zuwa la'asar. Ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, ya gama, ya koma kan waɗanda ba su lalace ba.

"Baban Aisha, don Allah ka fita ka sha iska," in ji Saudatu wata safiya. "Jiya ka kwance injin wanki. Yau kuma na ga kana yi wa firij wani irin kallo."

Ya fita. Ya hau bas mai lamba sha ɗaya, wadda ke zaga gari ta dawo inda ta taso, abin da ya ga ya dace da halin da yake ciki. Wata Laraba da yamma, rana ba ta ko yi niyyar faɗuwa ba, ya ji wata ƙara daga bayan wata doguwar katanga, ga wani wari mai kama da man da aka ƙona a kasko. Ƙarar ta yi minti ɗaya ta ɗauke. Can ta dawo, ta yi minti ɗaya, ta sake ɗaukewa. Halliru mutum ne da ba ya iya barin abin da bai gane ba. Ya danna ƙararrawa ya sauka.

Wasan sunansa speedway. Fili ne mai siffar ƙwai, an shimfiɗe shi da jar ƙasa mai tsakuwa. Babura huɗu ke jeruwa a bayan wani zare, a ɗaga zaren, su zaga sau huɗu, shi ke nan an gama. Sai tarakta ta shigo ta share fili, mutane masu manjagara su biyo ta, a sake jero wasu huɗun. Haka har sau goma sha biyar.

Wani dattijo baƙi mai farar gemu ya sauko daga taraktar ya jingina da shinge kusa da shi. Bartholomew sunansa, haifaffen Jamaika, mazaunin unguwar Handsworth, tsohon makanikin bas, kuma shekararsa talatin yana kula da ƙasar wannan fili.

"Ranka ya daɗe, ina birkin baburan nan?" Halliru ya tambaye shi.

"Babu."

"An cire ne?"

"Ba a taɓa sawa ba."

"To yaya suke tsayawa?"

"In sun gama sai su tsaya. In ba su gama ba, ga shinge nan."

"Kuma hagu kawai suke juyawa?"

"Tun kafin a haife ka."

Halliru ya koma gida da jar ƙasa a kwalar rigarsa da tambayoyi sun fi ashirin. Laraba ta gaba ya dawo. Ta uku aka ba shi manjagara da riga mai ƙyalli, aka kuma raɗa masa suna Harry, don Halliru ya fi ƙarfin harshen mutanen wurin.

Cikin wata biyu ya gano ciwon wasan, ko ya ɗauka ya gano. 'Yan kallo ba su kai ɗari bakwai ba, kuma kusan dukkansu furfura ce, kowa da kwalbar shayinsa da allon da yake rubuta maki a kai kamar mai ɗaukar jarrabawa. Ya sa agogo ya auna: awa biyu ake yi a filin, tseren da ke ciki minti goma sha biyar ne, sauran duk kallon tarakta ne. In an yi yayyafi a soke wasa, a ƙasar da yayyafi ba baƙo ba ne. An kuma gina sababbin gidaje a bayan katanga, waɗanda suka tare a ciki suka yi mamakin samun filin babura yana ƙarar babura, suka fara rubuta koke.

Halliru ya zauna ya rubuta shawarwari shafi shida. A rage jira tsakanin tsere da tsere. A nemi babban tamfol a riƙa rufe fili in hadari ya taso. A bar yara su shiga kyauta, tunda ba yaron da zai zo ba tare da ya jawo babba ba. A liƙa takardun talla a shagunan Handsworth da Balsall Heath, inda dubban mutane ke jin ƙarar nan duk mako suna zaton wani ne ke yanka katako. Ya kai wa Celestina, matar da ta gaji kulob ɗin daga mahaifinta. Ta karanta har ƙarshe, ta yaba, ta jawo wata durowa da ƙyar.

"Nan muke ajiye shawarwari, Harry. Babana ne ya fara cika ta. Ta tamfol ɗin nan tana ciki sau huɗu."

A ƙarshen Yuli na shekarar da ta biyo, layi ya zo kan Bartholomew a asibiti, za a sauya masa ƙashin ƙugu, kuma likita ya ce shi da tarakta sai dai gaisuwa daga nesa. Celestina ta kira Halliru ofis, ta ajiye makullin taraktar a kan tebur amma ba ta ɗauke hannunta daga kai ba.

"Ranar Litinin ɗin hutu ta ƙarshen Agusta muna da wasa da 'yan Manchester, da rana. Kai za ka shirya fili. In ya yi kyau, makullin nan naka ne. In bai yi ba, akwai wani a Manchester da ya ce zai riƙa zuwa duk mako."

Halliru bai san yana son makullin nan haka ba sai da ya ga hannunta a kansa.

Ya hau jirgin ƙasa zuwa Manchester don ya ga filin abokan hamayya. Ya sauka wurin Sanda, abokinsa tun suna jami'a a Zariya, wanda yanzu likita ne a can. Da ƙyar ya ja shi zuwa kallo.

"Kai yanzu, Injiniya, digiri biyu, ka ƙare a manjagara?" in ji Sanda yana kare shayinsa daga tsakuwa.

"Likita, kai ma ai duk yini cewa mutane kake su sha ruwa da yawa su huta."

"Ni ana ce mini na gode."

A tsere na shida wani mahayi ya faɗa wani kwari da tayoyi suka haƙa a kan kwana, babur ya tashi da shi, ya maka shi da shinge. Motar asibiti ta shigo. Aka yi minti arba'in ana jira, wasu suka naɗe allunansu suka tafi. Mahayin ya tsira da karayar wuyan hannu. Halliru kuwa ya samu amsarsa: duk matsalolin wasan nan, da rauni da jira da tarakta, daga ƙasa mai tashi suke. A samu ƙasar da ba ta tashi, an gama.

Kuma ya san wadda ta iya wannan. Mahaifiyarsa, Inna Raki, ita ce shugabar daɓe a unguwarsu a Ɗambatta. In za a yi sabon ɗaki ita ake kira, ta tara mata, a baza burji, a yayyafa ruwa, a jeru da madaɓai ana bugu ana waƙa har ƙasa ta kwanta, a bar ta ta sha iska, a sake jiƙawa a sake bugu, daga ƙarshe a shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Halliru ya tashi yana ganin yadda take gwada aikinta: ta kafa dunduniya ta murza. In ko ƙwayar tsakuwa ɗaya ta motsa, a koma bugu.

Kwana tara ya yi a filin. Makuba dai ba ta samuwa a Birmingham, ya tambaya har a shagunan 'yan Afirka, sai ya ƙara yumɓu a madadinta. Kullum da sassafe ya yi ban ruwa, ya ja ƙaton nadi na ƙarfe a bayan tarakta, zagaye bayan zagaye, ya bar fili ya sha iska, ya sake. A rana ta tara ya kafa dunduniya ya murza. Ko ƙwaya ba ta motsa ba. Ya ɗauki hoto ya aika wa Saudatu. Ta amsa da cewa ya fi falonsu kyau.

Ranar wasa mahaya suka fito zaga fili da ƙafa, kamar yadda suka saba. Kyaftin ɗin gida ya buga dunduniyar takalminsa a kan kwana, ya sake bugawa, ya tsuguna ya shafa. Ya zo ya dafa kafaɗar Halliru.

"Ban taɓa ganin fili mai santsi haka ba, Harry," ya ce, da irin muryar da ake yin ta'aziyya.

Aka ɗaga zare. Wanda ya fara kaiwa kwana ta farko ya zo na ɗaya, na biyu ya zo na biyu, haka har na huɗu. Ba wanda ya faɗi. Ba kwari, ba tsakuwa a shayin kowa, tarakta ba ta da abin sharewa. Tsere na biyu ma haka. Na uku haka. Tsere bakwai aka yi cikin minti ashirin da biyar, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin kulob ɗin, kuma a cikin bakwai ɗin nan ba babur ɗaya da ya wuce wani. Sun riƙa bin juna a jere kamar masu rakiyar gawa da suka makara. Dattawa suka fara rubuta maki tun daga kwana ta farko, sannan su buɗe jarida.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Bartholomew ya dogaro sandunansa biyu har bakin shinge.

"Harry, zo nan. Wa zai kwana a nan?"

"Ban gane ba, ranka ya daɗe."

"Na ga ka yi tsakar ɗaki ne, na ce ko baƙi za mu yi."

"Amma ba wanda ya faɗi."

"Ba kuma wanda ya wuce. Duba nan." Ya nuna da sanda. "Ta ciki ita ce gajeriyar hanya, na gaba ya riga ya kama ta. Na baya ba shi da dabara sai ya bi ta waje, kusa da shinge, inda ƙasa mai laushi ke taruwa, tayarsa ta baya ta samu abin kamawa ta harba shi gaba. Kai ka hana ƙasa tashi. Me zai kama? Wannan ƙasa da kake yaƙi da ita, ita mutanen nan suka biya su gani."

Halliru ya dubi filin. Ja ne, sumul, yana ɗaukar ido a rana, aiki mafi kyau da ya taɓa yi da hannunsa. Ya dubi tagar ofis, ya hango Celestina da waya a kunne. Bai san da wa take magana ba, amma ya san garin da ya fi zato: Manchester.

"Wane zurfi zan fasa?" ya tambaya.

"Yatsa biyu. Daga tsakiya zuwa shinge. Ka bar na cikin yadda yake, wannan kam ka iya. Sannan ka ba shi ruwa."

Halliru ya ɗaura ƙarfe mai haƙora a bayan tarakta, ya yi bismilla, ya sauke shi a kan daɓensa. Ƙarar da ƙasar ta yi sai da ya ji ta a haƙoransa. Ya zaga sau uku bai waiwaya ba. 'Yan kallo, waɗanda ya rubuta a shafi na biyu cewa sun gaji da kallon tarakta, suka miƙe suna tafa wa tarakta.

A tsere na tara wani mahayin Manchester mai farar hula ya tashi na ƙarshe. A zagaye na biyu ya buɗe ta waje, har ya kusa shafar shinge, tayarsa ta kama ƙasa, ta watsa wa layin gaba tsakuwa a fuska, ya wuce 'yan gida biyu a kwana ɗaya. Dattawan Birmingham suka yi ta ihu suna zaginsa cikin farin ciki. Wani ya ma manta bai rubuta maki ba. Aka tashi wasa 'yan gida sun sha kashi da maki huɗu.

Celestina ta same shi yana wanke haƙoran ƙarfen.

"An cinye mu," ta ce.

"Na gani. Ki yi haƙuri."

"Ba wanda ya tafi kafin a tashi. Rabon da in ga haka na manta." Ta miƙa masa makullin. "Ƙasan da ka yi ba ya haƙuwa, wannan ka riƙe shi. Saman kuwa ka bar mana shi ya lalace. Kuma kar ka rubuto mini komai a kai."

Washegari ya buga wa Inna Raki waya ya ba ta labari tiryan-tiryan, har da kwana taran da yumɓun. Tana cikin saurare ta katse shi.

"Tsaya, Halliru. Ka yi daɓen ya kwanta?"

"Ya kwanta, Inna. Na murza dunduniya, ko ƙwaya."

"Sannan ka sa ƙarfe ka fasa?"

"Rabi kawai."

"Su suka ce ka fasa?"

"Har tafi suka yi."

"Ikon Allah," in ji Inna Raki. "To mako mai zuwa fa?"

"In sake yi, in sake fasawa."

Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce aikin dai ba zai ƙare masa ba, kuma a gaida Saudatu da yara.