Ƙofar Motata a Cikin Babur ɗin Baba

Wata Laraba ce, cikin daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, ɗan aike ya iso gidanmu a Ƙaraye da hantsi, ya ce jikin Iya, kakata ta wajen uwa, ya yi tsanani a Rogo, tana neman ganin Inna. Ina tsugune a bakin zaure ina gyara motata ta gwangwani, wadda na ɓata rani guda ina ƙerawa da gwangwanayen madara, na yanka mata tayoyi daga tsohon silifas. Duk unguwarmu ita kaɗai ce mai ƙofofi biyu da ke buɗewa, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba.

Aka kira Baba daga gonar gyaɗa. Ya fito da tsohon babur ɗinsa ja, ya buga, sai injin ya hau karkarwa kamar zai faɗo ƙasa. Ya duƙa ya duba, ashe notin da ke ɗaure inji da jikin babur ne ya saki. Ya sa sifana, noti sai juyawa yake, ya ƙi kamawa, don zaren cikin ramin, wato haƙoran da ke riƙe noti, ya cinye sumul. Bakaniken unguwarmu ya tafi Kano saro kaya, motar Rogo kuwa ta riga ta tashi. Inna na tsaye da mayafinta tana jira.

Baba ya dubi ramin, ya dubi motata. Da ya so, fizgewa zai yi. Amma sai ya tsuguna daidai tsayina ya ce, "Direba, a taimaka a ara mana ƙofa ɗaya, mu kai Innarka."

Na ɓalle ta na miƙa, ina haɗiye kuka. Ya yanke ta siririya da almakashin Inna, ya lanƙwasa ya zura cikin ramin, ya bi da noti a hankali, yana ɗaurawa yana sauraro. Can sifanar ta yi nauyi a hannunsa, ya ce, "Alhamdulillahi, ya kama." Suka hau suka tafi, aka bar ni da ba awaki ruwa da mota mai ƙofa ɗaya. Inna ta samu Iya da ranta, har suka gana. Kafin wata Larabar aka yi mata rasuwa.

Baba bai taɓa kwance notin nan ba. Duk sanda ya ɗora ni a kan tanki za mu gona, sai ya ce, "Riƙe da kyau, ai da hannun jarinka a ciki."

Yanzu in zare ya cinye, nan take bakanike zai huda ya yanka sabo, ba mai waiwayar gwangwani. Baba ya daɗe da rasuwa, babur ɗin ma an sayar da shi da ƙofata a ciki. Ina da mota ta gaske yau, mai ƙofa huɗu, ina kewar Baba duk sanda na buɗe ɗaya. Da zai dawo ya ce in ara masa, duka zan cire.