Malam Ɗanladi Guguwa: Ladanin da Fim Ya Raba da Lasifikarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, bakwai ga watan Mayu, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Ɗanladi Guguwa a gidansa da ke Gyadi-Gyadi, bayan ya sha jinyar hawan jini. Da la'asar aka yi masa salla, aka kai shi makwancinsa a Tarauni. Ya bar matarsa Inna Asabe da 'ya'ya da jikoki.

Yaran yanzu za su ce tsohon ladanin masallacinmu ne ya rasu. Mu da furfura ta fara kamawa mun san ka tun kafin nan, Malam. Mun san ka kana buga wa ƙungiyar ma'aikatan masaƙa gefen hagu, lokacin da mutanen Hotoro da Unguwa Uku suke takowa a ƙafa don su ga wasanka. In ƙwallo ta zo ƙafarka, mai rake ma barin baronsa yake ya leƙo. Gudun nan naka ne ya sa aka laƙaba maka Guguwa, har sunan mahaifinka ya ɓace a bakin mutane.

Ba na mantawa da wani wasan ƙarshe da ka yanke kowa, ya rage daga kai sai raga, ga golan abokan karawa a kwance yana riƙe da ƙirji bayan ya yi karo da ɗan bayansu. Maimakon ka zura, sai ka fitar da ƙwallo waje, ka durƙusa a kansa kana kiran a kawo ruwa. Ranar ka sha zagi daga magoya bayanka. Da aka tare ka a bakin fili, abin da ka ce kawai shi ne, "Wasa akwai wani baɗi. Haƙarƙarin mutum fa?"

Da ka ajiye takalmi, ba ka bi ofis-ofis kana tuna wa manya ko kai waye ba. Ka buɗe shagon gyaran keke, ka karɓi ladancin masallacin unguwa. Gaskiya muryarka ba ta da wani zaƙi, kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano take, kuma mun sha tsokanarka a kan haka kana dariya. Amma ruwa ko sanyi, ita ce ta tashe mu asuba shekara da shekaru, kuma kai kake cika butoci kafin kowa ya iso.

To, bara sai ga waɗansu samari da kyamara, suka ce za su yi fim ɗin tarihin rayuwarka don 'yan baya su san ka. Ka yi murna kamar yaro ranar Salla. Ka saka babbar rigarka ta zuwa Juma'a, Inna Asabe ta yi musu dambu, ka kwaso tsofaffin hotunanka ka zube musu a tabarma. Sun ci, sun sha, sun kira ka Baba.

A watan Sha'aban fim ɗin ya fito. Aka haska shi a gidan kallon ƙwallo na bakin titi, ya kuma bazu a wayoyi. Ina cikin waɗanda suka je. Farkonsa ya yi kyau, ana ta tafi, tsofaffi na share ido. Can sai aka tsayar da wani hotonka, aka matso da ƙafarka ta hagu, inda wani abu baƙi na fata ya leƙo ta saman safa. Aka zagaye shi da jan layi, aka saka kiɗa mai ban tsoro. Sai ga wani mutum da aka ɓoye fuskarsa yana cewa laya ce wani boka ya ba ka, kuma duk ƙwallon da ka taɓa ci aikinta ne. Har da wani da aka yi wa shigarka yana binne abu a gindin raga cikin hayaƙi.

Abin da 'yan kallo suka yi shi ne ya fi ƙona min rai. Sun rabu gida biyu, kuma kowane gida ya ci mutuncinka. Na farko suka ɗauki fito da shewa, suna cewa ashe Baba ɗan duniya ne. Washegari 'yan ƙwallon unguwanni suka fara zuwa shagonka, suna raɗa maka a taimaka musu da asirin, ko nawa ne za su biya. Na biyu kuwa suka hau waya suna rubuta "mushriki" a ƙarƙashin hotonka, suna tambayar yadda aka yi mai laya yake kira musu salla. Waɗanda ba su taɓa ganin ka taɓa ƙwallo ba su ne suka fi kowa sanin yadda ka ci ta. Tsakanin gidan kallon nan da ƙofar gidanka ko adaidaita sahu ba a hawa, amma ba a sami mutum guda da ya taka ya tambaye ka ba.

Ga gaskiyar, ga wanda yake son ji. An taɓa karya maka ƙwauri a fili, kuma a wancan zamani ba kowa ke samun abin kare ƙwauri ba. Golan ƙungiyarku, Malam Iliya, mutumin Kudancin Kaduna, wanda daga baya ya koyar a firamare har ya yi ritaya a Tarauni, shi ya goya ka a kekensa zuwa wurin wani baduku a cikin birni. Aka ɗinka maka matashi na fata, aka cusa auduga, kake ɗaura shi a kan tabon. Layar ke nan. Malam Iliya ya faɗa wa masu fim wannan labari da bakinsa, kyamara na kallonsa. Suka yanke shi suka jefar, saboda auduga ba ta jawo 'yan kallo kamar boka.

Masu fim baƙi ne, sun ci kasuwarsu sun tafi. Namu na gida fa? Shugaban kwamitin masallaci ya kira ka gefe ya ce, "Malam, ba mu ce ka yi ba, amma jama'a na magana. Ka ɗan huta har mu duba." Ka zaro makullin akwatin lasifika daga aljihu ka miƙa masa da hannu biyu.

Da Malam Iliya ya ji, ya zo da sandarsa har ƙofar masallaci, ya cire takalmi ya tsaya daga waje ya jira aka idar. Ya ce wa shugaban kwamitin, "Alhaji, ni ba Musulmi ba ne, amma ɗaki ɗaya nake kwana da mutumin nan duk garin da muka je wasa. Abin da na sani yana ɗauka daga jaka kafin a shiga fili shi ne dardumarsa. Fatar nan a gabana aka ɗinka ta." Aka yi masa godiya, aka ce za a zauna bayan Salla.

Haka azumi ya shigo ya same ka. Duk wanda ya san unguwa ya san babu lokacin da ladan ya fi daraja kamar magaribar azumi, lokacin da kowane gida ya kasa kunne yana jiransa. Ni na gan ka a sahun baya, dabino a hannu, kanka a sunkuye, kana jiran muryar wani. Butocin ma ba ka daina cikawa ba. Na ce maka mu ɗauki bidiyo ka yi bayani, ka nuna tabon kowa ya gani. Ka ce, "Ashiru, da girmana in naɗe wando a gaban waya ina rantsuwa? Allah Ya san abin da ke ƙafata." Salla ta zo ta wuce, ba a zauna ba. Daga nan jiki ya ƙi, ka kwanta.

Ranar jana'izarka layinmu bai ɗauki jama'a ba. Wayoyi a sama, kowa na son a gan shi kusa da makara. Yatsun da suka rubuta "mushriki" su ne suka wayi gari suna rubuta "gwarzon Kano ya tafi". Liman ya juyo kamar yadda aka saba ya ce, "Jama'a, a yafe wa mamaci." Aka amsa baki ɗaya, "Mun yafe masa!" Na jiyo muryar shugaban kwamiti a ciki, da ta samarin da suka yi fito a gidan kallo. Ni kuwa tambaya nake yi a raina. Me ya yi muku da za ku yafe? Wa ya kamata ya durƙusa a gaban wa? Kun bari sai da aka naɗe shi a likkafani, sannan kuka zo kuna yi masa kyautar yafiya.

Da na shiga gaisuwa cikin gida, Inna Asabe ta ba ni labarin magaribarka ta ƙarshe. Ta ce da ka ga rana ta faɗi, ka sa ta jingina ka da bango, ka kai hannu kunne, ka kira salla tun daga kabbara har ƙarshe da muryar da ko tsakar gida ba ta kai ba. Ita kaɗai ce ta amsa maka. Ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta tambaye ni, ba da gatse ba, da gaske take son sani: "Malam Ashiru, kwamitin nan sun gama dubawar kuwa? Jikokinsa na tambayata."

Ya Allah, ga bawanKa Ɗanladi ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya kowane kiran salla da ya yi, har da wanda mutum ɗaya ya ji, a mizaninsa. Ka sa abin da ya haɗiye a watanninsa na ƙarshe ya zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Asabe da 'ya'ya da jikoki, da abokinsa na amana Malam Iliya. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Mu kuma mutanen Gyadi-Gyadi, Allah Ya ba mu kunyar da za ta sa a tashi a gaban sahu ranar Juma'a a wanke sunansa da lasifikar da aka karɓe masa, don matar nan ta sami amsar da za ta ba jikokinta. Amin.

Ashiru Babban Giji
Gyadi-Gyadi, Kano