Wurin da Kawu ya bar wa kyanwarsa

Ina dawowa daga kasuwar Mafara na iske Kawu Sani a zaure da burushi da kalar ruwa irin ta 'yan makaranta. Tun da kyanwarsa ta mutu ya daina fita hira. Abin na ba ni haushi, dattijo guda a kan dabba.

Ya miƙo mini takardar da ya yi zane a kai. Randa ce da tabarma, sai wani wuri a gindin randar da ya bari fari fat. A ƙasa ya rubuta da ajami: "Randa na nan da sanyinta, mai kwana gindinta ta tafi."

Na ce, "Kawu, ɓarnar kala kawai ka yi. Ina kyanwar?"

Ya ce, "Kai ɗan nan, bakinka ya fi idonka sauri. Ni ba ni zana mai rai. Wurinta na bar mata."

Na sake dubawa. Wallahi ga ta nan a nannaɗe, har lanƙwasar wutsiya, alhali ko layi ɗaya bai ja mata ba.

Bayan la'asar ya ce in raka shi majalisa ya nuna wa abokansa.

Ku fa jama'a, wa ya tafi ya bar muku farin wuri irin wannan?