Rumfar Babanmu

Bayan rasuwar Baba, ni kaɗai na rage a gidanmu na unguwar Moduganari. Yayana yana Abuja, kuma tun ba a daɗe da binne Baba ba ya fara cewa gidan ya tsufa, a sayar. Ni kuwa nan aka haife ni, nan na yi jinyar Baba shekara shida ina koyarwa, kuma ba ni da wani wurin da zan kira gida. Aka tsayar cewa ranar Asabar bayan bikin Ista Kawu zai zo daga ƙauye, shi da yayana su duba gidan su yanke shawara.

A wannan bazarar ce wasu ƙwari suka addabi rumfar katakon da Baba ya kafa a ƙofar falo. Baƙaƙe ne, manya, kamar ƙudan zuman da ya ci ya ƙoshi, sai dai ba su san zuma ba, ɓarna kawai suka iya. Su huda katako, rami zagayayye da ɗan yatsa zai shiga, su shige ciki su yi ta sassaƙa. Kullum da safe sai na share garin katako daga baranda. Na tsane su, har zagin su nake yi da tsintsiya a hannu.

Na je Gamboru wurin wani tsohon kafinta Babarbare, abokin Baba. Ya ba ni garin magani a leda, ya ce, "Malama, zuba a rami, ki bar shi buɗe sati biyu. Kar ki toshe da su a ciki. In kin rufe ƙofa, za su buɗe taga."

Kwana biyar ya rage mini. Ina zan samo sati biyu? Na san yayana, da ya ga rami ɗaya zai mai da shi ɗari. Na zuba maganin sama-sama, na kwaɓa garin katako da gam, na hau kujera na toshe ramukan kaf. Na bi da koren fenti. Rumfa ta fito fes, har maƙwabciyata ta tambaya ko biki za a yi.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar da gangan, don su gani. Na dama kunun gyaɗa. Kawu ya ɗaga kai ya yaba, ya ce gida yana hannu mai kyau. Zuciyata ta yi sanyi.

Yana kai kofi baki sai wani farin gari ya zubo daga sama, siriri, ya sauka a cikin kunun. Muka ɗaga kai duka. Sabon rami ne a tsakiyar fentina, ga baƙin kai yana leƙowa. Kusa da shi wani, can gefe wani.

Yayana bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙe a hankali, ya karɓi sandar Kawu, ya ƙwanƙwasa katakon. Ƙarar fanko ta fito. Ya danna bakin sandar, ta nutse.

"Har fenti kika yi mana?" ya ce.

"Yaya, rumfa ce kawai. Ɗakunan lafiyarsu lau, zo ka duba."

Kawu ya ture kofin gefe. "'Yata, in kin ɓoye wannan, me kuma kika ɓoye?"

Ba su shiga ko ɗaki ɗaya ba. Ba wanda ya tambayi wa ya gyara rufin da iska ta yaye, ko wa ya riƙa ɗaga Baba yana juya shi a gado. Mutumin da bai taɓa share barandar nan ba shi ya zama mai gaskiya, ni maƙaryaciya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da hannuna na ba shi hujjar, kuma har yau ban yafe wa kaina ba, balle shi.

Aka yanke a sayar kafin damina. Da za a tashi, Kawu ya ce tunda ni ce mai masauki, in rufe taron da addu'a, in gode wa Ubangiji da ya haɗa kanmu. Na rufe ido na gode.